Malama Kubura da Babi na Bakwai

An haifi Malama Kubura a Taura, a gidan wani mai gyaran keke da ya sami 'ya'ya mata shida a jere. Da ya gaji da jiran namiji sai ya sa ta huɗun a makarantar boko. Bai taɓa cewa hangen nesa ne ya sa shi ba. Abin da ya gaya wa mutane shi ne ita ta fi kowa surutu a gidan, kuma ya ji an ce a makaranta akwai waɗanda aikinsu ke nan, hana yara magana. Ba su hana ta ba. Ta gama firamare, ta wuce kwalejin horon malamai, ta fito da takardar koyarwa, aka tura ta Miga.

A Miga ta yi aure, ta auri Malam Arzika, wani malamin gona mai sanyin hali wanda ya gane tun makon farko cewa gardama da ita ɓata lokaci ne. Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa aka dawo da shi Dutse, suka kama gida a Limawa, daga baya suka gina nasu a nan unguwar. Shekara talatin da biyar ta yi tana koya wa 'yan aji huɗu da 'yan aji biyar Turanci. Duk mutumin Limawa da ya haura talatin, wanda yake iya cike fom a banki ba tare da ya waiwaya neman taimako ba, da wuya a ce bai taɓa shan ranƙwashinta ba. Ranar da ta yi ritaya aka ba ta filas ɗin shayi da agogon bango, aka yi jawabai uku, biyu daga ciki da Turancin da ta zauna tana gyarawa a zuci.

Wata uku ta yi a gida. Malam Arzika ne ya fara lura cewa ta koma yi wa mai karanta labarai a rediyo gyara, da murya, tana jiran ya maimaita. Don haka da wata ƙungiya mai ofishi a Dutse ta zo neman wadda za ta riƙe ajin matan aure a Limawa, shi ya fara kai sunanta.

Ƙungiyar ta ba ta littafi, da alli, da rajista, da mukullin wani aji a makarantar firamaren unguwa, wanda ake amfani da shi Litinin da Laraba bayan la'asar, idan yara sun tashi. Ana yin wata tara, a yi jarrabawa, a ba wadda ta ci takardar shaida. Matan da suke zuwa kowacce da abin da ya kawo ta. A shekarar da wannan labari ya faru su ashirin da uku ne. Akwai Hajiya Dada, mai sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa, wadda ta haura sittin, kuma ta ce ta zo ne don ta riƙa karanta takardar maganin hawan jininta da kanta, saboda jikokinta kowanne abin da yake karanto mata daban. Akwai Shamsiyya, tela, 'yar shekara ashirin da 'yan kai, wadda masu kawo mata ɗinki suke turo mata saƙo da Turanci a waya. Akwai kuma Luba, uwar yara huɗu, mai ƙarancin magana, wadda aka yi wa alkawarin aikin ba da kati a wani ƙaramin asibiti in ta kawo takardar shaida kafin ƙarshen shekara.

Littafin ƙungiyar ba shi da laifi har zuwa babi na shida. Akwai kofi, akwai tebur, akwai ƙofa da taga, kuma duk ba na kowa ba ne. A babi na bakwai ne kayan duniya suke samun masu su. Waɗanda suka rubuta littafin sun ƙirƙiro wani gida: maigidan Abdulƙadir, yana da keke da gona, matarsa Hindatu, tana da keken ɗinki, ɗansu Talha, yana da akuya. Sun zaɓi sunayen ne don matan su ji kamar a gida suke, kuma sun yi nasara fiye da yadda suka so.

A shekararta ta farko Malama Kubura ta rubuta Abdulƙadir's bicycle a allo, ta yi bayani yadda ta saba yi wa yara. Ta ce Bahaushe yakan fara da abin sannan ya faɗi mai shi, ya ce keken wane. Bature kuwa sai ya sa mai abin a gaba, ya rataya masa 'yar alama da harafi guda, sannan abin ya biyo baya, don shi ba ya son a taɓa kaya kafin a san na wane ne. Ta karanta, ta ce a maimaita. Muryar da ta dawo mata ba ta cika ba. Ta sake karantawa, ta sake jin giɓi. Da ta juyo sai ta ga mata uku suna kallon siminti, ɗaya ta rufe baki da mayafi. Can wata daga bencin baya ta ce mata a hankali, Malama, ai sunan maigidanta ne.

Ya kamata a ce ita ta fara hango wannan, domin layi na gaba akuyar Talha ce, kuma Talha sunan ɗanta na fari ne. Sama da shekara talatin ke nan ba ta faɗe shi ba. Lokacin da take koyarwa a firamare, duk yaron da ya zo da wannan suna sai ya koma mai sunan yaron gidanmu har ya bar ajinta. Shi kuwa mai sunan na asali ya yi gemu, ya haifi uku, yana aiki a Kano, amma har yau in za ta yi maganarsa sai ta ce yaron nan. Sunan Malam Arzika ma bai taɓa bi ta bakinta ba. Rubutawa dai tana yi, a fom ko a bayan ambulan, don a wurinta rubutu daban, faɗa daban.

Ranar ta goge allon, ta sallami ajin da wuri. Ranar Laraba ta dawo da tsari. Ta ce kowace mace ta gaya mata sunayen da ba ta faɗa: na miji, na surukai, na ɗan fari, da duk wanda take jin nauyinsa. Nan take aka ga matsalar tsarin, tunda ba yadda za a yi mace ta faɗi sunan da ba ta faɗa. Sai aka shirya cewa wadda ke zaune kusa da ita ce za ta faɗa a madadinta, ita kuma ta gyaɗa kai. Inda aka sami faccaloli biyu a benci ɗaya, surukansu ɗaya, sai an nemo ta uku daga wani bencin. Malama tana rubutawa a shafin ƙarshe na rajista. Da ta koma gida ta ɗauki sabon littafin rubutu, ta sake rubuta babi na bakwai da hannunta, da sunayen da suka rage.

Haka take yi kowace shekara, don kowane aji da nasa sunayen. A shekara ta huɗu, wato ta su Hajiya Dada, matan sun fito daga manyan gidaje, aka yi ta soke suna bayan suna har abin ya kusa ƙarewa. Sai ta tuna da wani Babarbare mai sayar da bandar kifi da yake zuwa kasuwar Miga daga wajen Haɗeja, sunansa Mele. Ta tambaya. Ba wadda ta auri Mele, ba wadda ta haife shi, ba wadda ya haifa wa miji. A mako guda Mele ya gaji keken, da gonar, da akuyar, har da keken ɗinkin. Shamsiyya ta tambaya ko yana neman ƙarin aure. Hajiya Dada ta ce mutumin da yake da kaya haka amma ba shi da dangi ko ɗaya a garin, kamata ya yi a bincike shi tukuna.

Wani abu kuma da Malama ta lura da shi shi ne matan sun fi littafin nisa. Littafin yana tsayawa ne a kan mai abu ɗaya da abu ɗaya. Su kuwa macen da ta yi shekara ashirin tana kewaye sunaye ta saba da doguwar hanya. Ba ta cewa akuyar wance, sai ta ce akuyar matar wan maigidan. Da aka nuna musu cewa Bature ma yana iya jera su, sai dai shi daga can ƙarshen yake farowa, suka kama abin kamar sun daɗe suna jiransa. My husband's brother's wife's goat, in ji Hajiya Dada, ba tare da ta tsaya shan iska ba, sannan ta ƙara da Hausa cewa akuyar ma ɓarna gare ta.

Shekara uku ba wanda ya tambayi Malama komai daga ofis, saboda jarrabawar a rubuce ake yi, kuma matan suna ci. A shekara ta huɗu ne masu tallafa wa ƙungiyar daga nesa suka ce sun gaji da ganin takardu, suna so su ji muryoyi. Aka fito da sabon tsari. Kowace ɗaliba za ta karanta shafi na arba'in da ɗaya da baki, a naɗi muryarta a waya, a tura. Wadda ta tsallake kalma ko ta sauya ta, ta faɗi. Ajin da waɗanda suka ci ba su kai kashi uku cikin huɗu na ɗalibansa ba, za a rufe shi a karɓi mukulli. Shafi na arba'in da ɗaya kuwa tsakiyar babi na bakwai ne, kuma duk mutanen gidan uku suna ciki da kayansu.

Wanda aka turo da wannan saƙo wani matashi ne mai suna Abdulhakim, mai digiri, mai ladabi, mai jaka a rataye. Ya durƙusa ya gai da Malama, ya kira ta Mama, ya zauna a bencin baya don ya ga yadda darasi yake tafiya. Ya ji an ce keken Mele, ya buɗe littafi. Ya ji an ce gonar Mele, ya juya shafi. Ya duba gaba, ya duba baya, har ya leƙa bangon littafin ko an ba shi tsohon bugu ne. Da aka tsaya hutawa ya matso ya tambaya, cikin ladabi, wane ne Mele.

Malama ta yi masa bayani, ta nuna masa shafin ƙarshe na rajista. Ya karanta sunayen yana murmushi, ya ce abin ya burge shi ƙwarai, kuma zai so wata rana a rubuta shi a rahoto. Sai dai, in ji shi, wannan al'ada ce ba addini ba, ba inda aka haramta wa mace faɗin sunan mijinta. Ta ce ta sani, ta yi islamiyya tun kafin a haife shi, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa haramun ne ba. Ya ce to ai wanda ke cikin littafin ba mijin kowa ba ne, mutumin takarda ne. Ta ce shi na takarda ne, amma bakin da zai faɗa ba na takarda ba ne. Sai ya juya wajen matan, ya ce su kwantar da hankalinsu, muryar can nesa za a tura, ba mijin da zai ji.

"Ni zan ji," in ji Luba.

Wannan ce doguwar maganar da aka ji daga bakinta a watan. Hajiya Dada ta gyara zama, ta tambaye shi ko shi ne babba a ɗakinsu. Ya ce shi ne.

"To ɗan nan, me mahaifiyarka take kiranka?"

Ya ce Babangida take ce masa.

"Ka taɓa kai mata waya ka ce ta faɗi na gaskiyar a naɗa?"

Aji ya yi dariya, shi ma ya yi. Amma da dariyar ta lafa sai ya buɗe jaka ya fito da fom, ya nuna wa Malama cewa gurbi biyu ne kawai a gaban kowane suna, ta ci ko ta faɗi. Ta ce a bar masu jin nauyi su karanta wani shafin, na arba'in da biyar ma ya fi wuya. Ya ce zai tambaya. Bayan mako guda ya dawo ya ce ya tambaya, an ce duk azuzuwan jihar shafi ɗaya za su karanta, don a yi adalci.

Ba mugun yaro ba ne, kuma ya tabbatar da haka. Ya jira matan suka watse, ya tsaya da ita a bakin aji tana kulle ƙofa, ya ce ya zauna ya yi nazarin shafin ƙarshen nan nata. Cikin ashirin da ukun, tara ne kawai suke da matsala da sunayen uku. Sha huɗu ba ruwansu. In aka naɗi duka, ana bukatar sha takwas su ci, kuma ba za a samu ba sai huɗu daga cikin taran sun daure. Amma akwai hanya mai sauƙi. A sake kwafe rajistar, a bar sha huɗun kawai. Taran su ci gaba da zuwa abinsu, ba mai korarsu, sai dai a takarda kamar ba su taɓa zuwa ba. Sha huɗu cikin sha huɗu za su ci, aji ya tsira, har a yaba mata a taro. Ya ce wasu azuzuwan ma haka suka yi da ɗalibansu masu rauni.

Ta tambaye shi ko taran nan masu rauni ne. Ya ce a'a, shi ma ya ji su. Ta sa mukulli a jaka, ta ce ya gai da mutanen ofis.

Ranar Laraba Malama ta gaya wa matan komai, ba ta rage ba: yawan da ake bukata, da abin da zai faru in ba a kai ba, da hanyar da aka kawo mata. Wasu suka ce ta karɓa mana, tunda ba korar kowa za a yi ba. Wata ta ce ƙanwarta tana jiran shiga aji na baɗi, in aka rufe ina za ta. Shamsiyya, wadda take kiran mijinta da sunansa har da ƙari a waya, ta ce ita a ganinta masu jin nauyin su runtse ido su faɗa sau ɗaya, ai ba faɗuwa sama za ta yi ba. Malama ba ta yi mata faɗa ba, ta ce wannan ra'ayi ne, kuma duk wadda ta ga za ta iya, bakinta ne. Hajiya Dada ta ce a soke ta ita, dama takardar magani ce ta kawo ta, kuma yanzu tana karanta ta har da ranar lalacewa.

"Hajiya, da biro na rubuta ki, ba da fensir ba," in ji Malama. "Wata takwas kina zuwa, ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi ke kaɗai na tarar a bakin ƙofa. Ba zan kwafe takarda in ce ban san ki ba."

Daga nan ta ɗauki alli ta ci gaba da darasi.

Ranar jarrabawa Abdulhakim ya zo da waya da wani ɗan ƙarfe da ake kafa ta a kai. Aka ajiye kujera ɗaya a gaban aji. Ya fara da sha huɗun, suka karanta ɗaya bayan ɗaya, duk suka ci, ko da yake biyu sun fara da Mele saboda sabo sai da aka sake musu. Aka zo kan taran. Ta farko ta karanta sunan surukarta da sauri kamar mai haɗiyar maganin zazzaɓi, ta tashi ba ta kalli kowa ba. Ta biyu ta faɗi sunan ɗanta na fari da murya ƙasa ƙasa, Abdulhakim ya saurari wayar sau biyu ya ce ya fito. Sha shida ke nan. Biyar da suka biyo baya suka karanta shafin tas, ba gargada, amma keken da akuyar duk na Mele ne. Ya riƙa sa musu alama a gurbi na biyu, yana cewa kowacce sannu Mama.

Saura Hajiya Dada da Luba, kuma sai dukansu biyun sun faɗa za a kai sha takwas. Kowa a ajin ya iya wannan lissafin.

Hajiya Dada ta zauna a kujerar, ta sa tabarau, ta riƙe littafin nesa da fuskarta. Sunan da yake gabanta Hindatu ne, sunan uwar mijinta, wadda ta rasu shekara talatin da suka wuce. Ta karanta layin farko da na biyu. Da ta iso layi na uku sai ta sauke littafin, ta juya wajen Malama, wadda take tsaye a jikin taga.

"Malama, in kin ce in faɗa, zan faɗa."

Abdulhakim ya miƙa hannu ya dakatar da wayar, abin da tsarin bai ba shi izini ba, ya dubi Malama shi ma. Kalma ɗaya ake nema daga gare ta, kuma ta san in Hajiya ta faɗa, Luba ba za ta yarda a ce a kanta aka rufe aji ba.

"Ban ce ba," in ji Malama. "Turanci aka ɗauke ni in koya miki, kuma kin iya. Karanta yadda kike karantawa."

Hajiya Dada ta ce wa Abdulhakim ya kunna abinsa. Ta ba Mele keken ɗinkin, ta ƙarasa shafin, ta cire tabarau ta tashi.

Da Luba ta zauna, maganar aji ta riga ta ƙare, abin da ya rage nata ne ita kaɗai, wato takardar da aikin asibitin. Sunan mijinta ne a layin farko. Ta dubi shafin har Abdulhakim ya ce mata ta ɗauki lokacinta. Sannan ta karanta da murya sarai, ta ce my husband's namesake's bicycle, wato keken takwaran maigidana. Daga baya aka ji cewa kalmar takwara ta sa 'yarta ta nemo mata a waya tun mako biyu da suka wuce. Ta bi shafin haka har ƙasa, duk inda sunan ya fito ta kewaye shi ba ta yi tuntuɓe ba.

Abdulhakim ya kashe wayar. Ya ce Turancin daidai ne, ba kuskure ko ɗaya, shi kansa da aka ce ya faɗa sai ya tsaya ya yi tunani. Ya riƙe biro a kan fom ɗin na ɗan lokaci. Sannan ya sa alama a gurbi na biyu.

Bayan mako uku ya dawo da takardun shaida sha shida, da wasiƙar godiya, da wani fom na rufe aji. A fom ɗin akwai dalilai uku da aka riga aka buga, a zaɓi ɗaya: rashin zuwan ɗalibai, raunin ɗalibai, ko rashin malami. Malama ta sa tabarau ta karanta, ta ce ba ta ga nasu a ciki ba. Ta juya bayan takardar ta rubuta layi huɗu da Turancin da ba inda za a sa masa jan biro, ta sa hannu a ƙasan abin da ta rubuta. Ya ce Mama, kwamfuta ba ta karanta bayan takarda, sai an zaɓi ɗaya daga ukun. Ta ce to ya zaɓa, ya sa nasa hannun, tunda shi zai iya. Ya zaɓi na tsakiya. Ta ba shi mukullin da ragowar alli, har da guntayen. Rajistar kuwa ta ce ta cika, ba sauran shafi, don haka ba ta da amfani a wurinsu, ta mayar da ita jaka.

Aikin asibitin wata aka ba. Luba ba ta yi maganar da kowa ba, kuma ba wanda ya yi mata. A rahoton ƙarshen shekara na ƙungiyar, an ce an ambaci Limawa a cikin unguwannin da ake bukatar ƙara wayar wa mata kai game da muhimmancin ilimi.

Litinin ɗin da ta biyo bayan karɓar mukullin, mata tara suka yi sallama a gidan Malama bayan la'asar, ba tare da an kira su ba. Ta dube su, ta shiga ɗaki ta ciro ƙyauren wata tsohuwar kwaba, ta jingina shi da bishiyar darbejiyar tsakar gida, ta aika aka sayo alli a kanti. Ta gaya musu tun farko cewa nan ba takardar shaida, ba hoto, ba taron yaye ɗalibai da lemo. Suka ce sun ji. Luba ta zo a mako na biyu, ta zauna a bakin tabarma. Yanzu sun kai talatin da ɗaya, har da biyar daga cikin waɗanda suka riga suka karɓi takardar, kuma mai wucewa ta lungun sai ya yi ta tsallake takalma.

Malam Arzika ne abin ya shafa ta inda bai zata ba. Gida ya cika da matan mutane, don haka duk Litinin da Laraba sai ya ɗauki rediyonsa da buzunsa ya koma gindin katangar masallaci, daga la'asar har a kira magariba. In abokan hira suka tambaye shi me ya fito da shi da ranar Allah haka, sai ya ce ai an rufe ajin uwargidan ne.